Ranar da Injina Ya Buga a Gaban Surukina

Ina roƙon mai karatu, in ɗan Rawayau ne, ya yi kamar bai gane ni ba. In kuwa baƙo ne, ya gyara zama, don gara ya ji labarin nan daga bakina da ya ji shi a teburin mai shayi, inda aka riga aka zuba masa gishiri da yaji har ni mai labarin ba na gane shi. A ruwayarsu, wai kuka na yi a gefen hanya. Ban yi kuka ba. Ƙura ce ta faɗa mini ido, kuma duk wanda ya san hanyar Dutsin-Ma da bazara ya san akwai ƙurar da za ta ishi kowa.

Mashin ɗin Boxer ne, na hannu. A kasuwar Charanchi na saye shi, tun kafin watan Agustan 2021 da Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a dokar tsaron nan da ta hana sayar da tsofaffin babura a kasuwar, ta kuma hana hawa uku a kan mashin ɗaya. Da kwasar adashin malaman makarantarmu na biya kuɗin. Ranar da na shigo da shi gari, sai da na bi ta ƙofar gidan duk wanda ya taɓa yi mini kallon mai keke. Wani gidan ma ba kowa a waje, dole na tsaya na danna hon don su fito.

Wajen kula kuwa, ban ga wanda ya kai ni ba. Kullum bayan sallar asuba ina tsugunne da bokiti da omo da soso. Na ɗinka wa kujera riga, na shimfiɗa wa tanki ɗan kafet, na ɗaura tuntaye ja da kore a hannuwa, na sayo madubai biyu masu faɗi, ɗaya don ganin abin da ke tahowa a baya, ɗayan kuma, tunda mun fara sabawa da mai karatu, don duba zaman hulata. Tayoyin ma mai nake goga musu su yi sheƙi. Wata rana uwargida ta nemi man shafawarta ta rasa, aka ɗora wa yara laifi, ni kuwa na duƙufa a kan makin jarrabawa. Duk wani mai da ke gidan nan ya taɓa jikin mashin ɗina, in ban da wanda injin yake bukata.

Akwai bakanike a ƙarƙashin wata bishiyar bedi da kusan duk mashinan unguwarmu ke zuwa wurinsa. Dattijo ne marar yawan magana. Da na kai masa mashin ɗin ya sa albarka, sai ya tayar da shi, ya kasa kunne, ya ce, "Malam, mashin na hannu ba a san abin da ya ci a gidan wani ba. A yi mishi juye yau, a buɗe gefe a wanke ciki, a duba soson iska, a saita bawul. Daga nan ka riƙa kawo shi a kan lokaci." Na ce to. A zuciyata kuwa na ce, ka ji masu neman kuɗin cefane. An dai yi juyen ina cikin ɗoki. Wanke cikin na ce a bari sai albashi ya shigo. Albashi ya yi ta shigowa yana fita, ban sake tayar da zancen ba.

Gaskiyar abin da ya hana ni zama a garejin shi ne yaron dattijon. Ɗalibina ne a da. A aji biyar na sha zane shi a kan bakwai sau takwas, har na taɓa ce wa mahaifinsa, cikin tausayi irin namu na malamai, gara a nema masa sana'ar hannu tun da wuri. To, an nema masa. Shi ne yanzu duk lokacin da na wuce zai miƙe ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ƙara da, "Malam, bawul ɗinka na kuka," ko "Malam, yaushe rabonka da juye?" Ni da na koya masa rubuta sunansa, shi ne zai riƙa yi mini tambaya a bainar jama'a? Sai na sake hanya, na koma bi ta bayan masallaci.

Kada a ɗauka ba ni da hujja. Ina da har biyu, kuma na sha kayar da mutane da su.

Ta farko na gada ne daga Kawu, mai tsohuwar Vespa. Na tashi ina ganin yana auna baƙin mai da ɗan murfi yana zubawa cikin fetur, ya girgiza mashin ɗin, ya buga, hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida, ya tafi abinsa. Daga nan na fitar da ƙa'ida cewa baƙin mai abin ƙari ne, in ya ragu a ƙara. Ga injin Kawu haka ne, domin irinsu tare da fetur suke ƙone man, ya fita ta salansa, kowane shan mai sabo ne ke shiga. Nawa injin kuwa ajiye mansa yake a ƙasa, famfo ya tura shi sama, ya gangaro, ya sake hawa, man nan dai guda shi ne yau shi ne gobe, yana kwasar datti yana tsufa. Wannan bambancin bai dame ni ba, don Kawu ya yi shekaru yana hawa lafiya, kuma a gidanmu ba a ja da Kawu.

Ta biyu ta fi armashi, don a waya na karanto ta. A shekarar 1974 kamfanin Honda na Japan ya tura injiniyoyinsa ƙasashe irin su Tailan da Indunusiya da Pakistan, su gano dalilin da ya sa baburansu ke saurin mutuwa a can. Suka tarar mutane na hawa da mai har ya daskare, matatar iska ta toshe da ƙasa, ba mai zuwa wurin bakanike sai mashin ya tsaya cak. Maimakon su yi wa mutanen wa'azi, sai suka koma suka ƙera CG125, wanda ya fito a 1975, suka sauko da sandar da ke sarrafa bawul ƙasa kusa da mai, suka sa soson iska da ake wankewa a mayar. Injin nan ne kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwaya daga baya, shi ya sa kamanninsa suka cika hanyoyinmu. Da na karanta labarin nan sai na ji an wanke ni. Ashe tun kafin a haife ni masana a Japan suka zauna suka yi tunanin mutane irina. Na kai labarin teburin mai shayi, da shekarun da sunayen ƙasashen, na zazzage shi tas. Wuri ya yi tsit. Can sai wani ɗan acaɓa maƙwabcinmu, wanda shi duk mako ko mako biyu yake yi wa nasa juye, ya ajiye kofi ya ce, "Amma Malam, ai naka Boxer ne, na kamfanin Bajaj. Ɗan Indiya ne." Na dube shi da tausayi na ce, "Duk Asiya ce." Aka yi dariya, na ɗauka da shi ake.

Sai ga 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin hukuma zuwa sama da 500, komai na kasuwa ya bi ta, har da baƙin mai. Na zauna da biro da takarda na yi wa gidana kasafi. Fetur ba makawa. Omo ba makawa. Baƙin mai na gwangwani mai hatimi kuwa na ja masa layi. Na koma sayen na awo, wanda ake tsiyayo maka daga jarka a robar ruwa, ba suna ba lamba, mai sayarwa ya rantse maka da cewa daga babban duro ya fito. In na ji injin ya cika surutu sai in zuba masa rabin roba, ya yi shiru, in ce ka ga ni ka ga bakanike. Wata rana wani abokina mai mota ya ba ni ragowar man motarsa kyauta, na juye shi duka ina godiya. Kwana kaɗan mashin ya fara wata sabuwar ɗabi'a: in murɗa totur, inji ya yi ihu, amma tafiyar ba ta ƙaru ba. Na ce tsufa ne. Wayar mita kuma ta daɗe da tsinkewa, allurar tana kwance a sifiri, saboda haka a hukumance mashin ɗina bai taɓa zuwa ko'ina ba, balle a ce lokacin juye ya yi.

An yi mini gargaɗi, ba zan ci amanar jama'a ba. Uwargida ta ce, "Malam, in ka tayar da abin nan da safe shanyata warin hayaƙi take yi." Na ce ta matsar da igiyar. Liman ya tambaye ni ko injin markaɗe na sayo. Ɗan acaɓan nan ya biyo ni a baya wata rana, ya ce hayaƙina shuɗi ne, mai nake ƙonawa, ringi ya tafi. Na ce masa ni kimiyya nake koyarwa. Hunturu ya zo ya wuce da ƙurarsa, na ninka wanki, mashin yana ta walƙiya. Soson iska kuwa ban ma san ta wane gefe ake buɗe shi ba.

Ana nan bazara ta kankama, irin wadda zafi kan taɓa digiri 40 a ƙasar Katsina, sai ɗaurin aure ya taso a Dutsin-Ma. Surukina, mahaifin uwargida, shi ne waliyyin amarya, ba a ɗaurawa sai da shi. Ya riga ya yi magana da ɗan acaɓan nan zai kai shi. Mai hankali da ya ji haka sai ya gode wa Allah, don kowa ya san tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, gaisuwa ma daga tsugunne ake yi, ido a ƙasa. Ni kuwa na ji abin ya taɓa mutuncina. A ce ina da mashin mai tuntu, Baba ya hau na haya? Na aika uwargida ta roƙe shi. Ya ce kada in wahalar da kaina. Na sake aikawa. Dattijo mai kawaici, ya ce to. Na je da kaina na sallami ɗan acaɓan, har da ce masa ya huta, yau manya ne a hanya.

Na sa farar shadda mai aiki a wuya, wadda ban gama biyan tela kuɗinta ba, na kafa hula, na fesa turare. Baba ya tattare babbar rigarsa ya hau, ya riƙe ƙarfen baya don kada jikinsa ya taɓa nawa. Muka fita gari ina amsa gaisuwa da hon. Da muka miƙi hanya na ce bari in nuna wa Baba 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba, na murɗe totur har ƙarshe. Da farko wani ɗan ƙas-ƙas na fara ji a ƙarƙashina, na ƙara wuta don kada Baba ya ji. Sai zafi ya fara dukan ƙwaurina ta cikin wando. Sai wani ƙauri. Baba ya yi gyaran murya ya ce, "Malam, ba ka jin ƙauri?" Na ce, "Sharar gona ce ake ƙonawa, Baba." Ya waiga dama, ya waiga hagu, gonaki fetal ba ko hayaƙin taba, ya ce, "To, madalla." Ƙas-ƙas ya koma ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas ya koma wani bugu da nake ji har a haƙorana. Mashin ya fara ja da baya ni ina tura shi gaba da addu'a. Muna cikin hawa wani ɗan tudu sai ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ƙarfe ya yi ba, tayar baya ta ja ƙasa, Baba da ya yi tafiyar nan duka yana kiyaye tazara ya zo ya rungume ni gam da hannu biyu, hularsa ta doki ƙeyata, tawa ta tashi sama. Na damƙe kuloci, ba don ilimi ba, don tsoro, muka gangara gefen hanya muka tsaya. Shiru. Sai ɗan ƙis-ƙis na ƙarfe mai hucewa, da hulata tana gangarawa cikin kwalbati.

Baba ya sauka, ya gyara riga, ya koma inuwar wata ƙaya ya ciro carbi. Ni kuma na shiga aikin gwaninta. Na buɗe tanki, fetur na nan. Na girgiza mashin ɗin irin na Kawu. Na naɗe shaddar na soke a ƙugu, na kama fulogi da hannu, ya ƙone mini yatsu uku, na haɗiye ihun saboda Baba. Na ce, "Man gidan man nan ne, Baba, sun gauraya shi." Ya ce, "Allah ya kyauta." Na ɗora ƙafa a kan kik, ya ƙi motsi. Na taka da ƙarfi, ko gezau. Sai na ja da baya, na yi bisimilla, na daka tsalle na sauko masa da duk nauyina. Kik bai motsa ba. Abin da ya motsa shi ne ɗinkin wandona, daga gaba har baya, da wata ƙara mai tsawo da na tabbata an ji ta a inuwar ƙayar nan, don carbin Baba ya tsaya, sannan ya ci gaba da sauri. Na saki rigar ta sauko. Daga lokacin ban sake juya wa Baba baya ba, duk inda zan je a kaikaice nake tafiya.

Rana ta take, lokacin ɗaurin aure na matsowa, kuma a shekarun nan ba wanda ke son doguwar tsayuwa a hanya a yankinmu. Can sai ga ƙarar mashin lafiyayye, santala, ba hayaƙi. Tun daga nesa na gane shi, na roƙi Allah ya sa wani ne. Shi ne. Ɗan acaɓan da na ce ya huta. Ya tsaya, ya durƙusa ya gaida Baba, bai ce mini komai ba. Ya kafe mashin ɗina a kan babbar ƙafa, ya kwance ma'aunin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya zaro, ya ɗaga shi sama yana juyawa a rana don kowa ya gani. Ƙarfe busasshe, sai ɗan baƙi a can bakinsa. Ya ce, "Malam, inji ya buga." Na ce dama abin da nake zargi ke nan.

Baba ya hau bayansa. Kafin su tashi ya kira ni, na matso a kaikaice, ya kama hannuna ya danƙa mini 'yan kuɗi a dunƙule ya ce, "Ungo, ka sha ruwa. Zan ce musu kana tafe." Na so in ƙi karɓa, amma aljihuna ba komai sai kuɗin goron da na yi niyyar raba wa mutane a wurin ɗaurin aure, don a san na zo.

Na tura. Wanda bai taɓa tura Boxer da tsakar ranar bazara cikin shadda mai sitaci da yagaggen wando ba, kada ya ce ya san duniya. Da ƙarfina ya ƙare sai Allah ya kawo wani manomi da amalanken shanu, ya kai taki gona yana komawa gari. Uban wani ɗalibina ne. Muka ɗora mashin ɗin, ya ce in hau in riƙe shi kada ya faɗi. Amalanken ba a share ta ba. Haka muka shiga Rawayau, shanu na tafiyarsu ta isa, ni a tsaye rungume da mashin, tuntaye na kaɗawa, farar shadda ta koma kalar abin da ke ƙasan amalanken, daidai lokacin da aka tashi yara daga Islamiyya. Yaran kirki ne, mu muka yi musu tarbiyya. Suka jeru a gefen hanya suka haɗa baki, "Ina wuni, Malam!" Na amsa. Suka biyo mu suna sake gaishe ni har bakin gareji. 'Yan teburin mai shayi kuwa miƙewa suka yi tsaye, wani har da cire hula.

Washegari aka buɗe injin, kuma dattijon ya ce yaronsa ne zai yi aikin. Ya ba ni benci a gaba, wai in gani da idona. Yaron ya kwance notin ƙasa ya tara gwangwanin madara. Inji irin wannan kusan lita guda yake ɗauka. Muka jira. Wani abu baƙi ƙirin ya leƙo, ya yi tunani, ya ɗiga. Duka abin da ya fito bai rufe gindin gwangwanin ba. Yaron ya shafa a yatsa ya miƙo mini, yana ƙyalƙyali da garin ƙarfe. Ya zaro 'yar ragar da ke tace mai, ta toshe ba ta ganin rana. Ya buɗe murfin gefen kuloci, ya kwance wani ɗan kwano da ke juyawa tare da inji, wanda aikinsa shi ne ya wurga dattin mai gefe ya riƙe shi. Ya sa bakin sukudireba ya ɓanɓaro abin da ke ciki, ya fito dunƙule, baƙi, da tauri, sak daddawa. Ya ce, "Malam, wannan juye ba ya fitar da shi, ko kullum za ka yi. Sai an buɗe an kankare. Shi maigidana ya ce a yi tun ranar farko." Dattijon yana gefe yana cin goro, bai ɗago ba.

Soson iska da aka ciro, da aka buga shi a ƙasa sai da muka ja da baya. Gefensa ma ya yage, ƙurar hunturu tana wucewa kai tsaye cikin inji, ta haɗu da mai, ta riƙa goge ringi da bangon bulo a hankali. Ringi ya ci, mai ya riƙa haurawa sama yana ƙonewa, shi ne shuɗin hayaƙin da ya ɓata shanyar uwargida, shi ne kuma inda rabin robobina ke tafiya. Fistin kuwa sai da aka sa katako da guduma kafin ya fito, gefensa duk ya kakkarce, wani wurin ya narke ya manne. Yaron ya riƙe shi yana yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ba ya saurin ganewa. Injin nan ba shi da ruwan sanyaya shi, iska ce da mai. Man nan guda shi ke shafa fistin, shi ke shafa giya, a cikinsa kuloci yake wanka, shi ke kwashe zafi. Haƙoran giya suna tauna shi, zafi yana dafa shi, har ya gaji. In ka zuba sabo a kan gajiyayye, dattin yana nan. In ya ƙare, fistin ya yi zafi ya kumbura fiye da ramin da yake ciki, ya cije. Man mota kuma wani yana da sinadarin ƙara santsi, shi ke sa kuloci ya riƙa zamewa, inji na ihu mashin ba ya gaba. Ya ɗauko gwangwanin mai na mashin ya nuna mini inda aka rubuta 20W-50, da wasu haruffa MA a baya, alamar cewa ya dace da kulocin da ke cikin mai. Ya ce in riƙa duba hatimin murfi, a yi juye inji da ɗumi don dattin ya biyo, a auna mashin na tsaye daidai, kada kuma a cika ya wuce layi, don yawansa ma ɓarna ne.

Don in nuna har yanzu ni ne malami, na ce ai injin da ke juyi 6,000 a minti, fistinsa na hawa da sauka sau 100 ke nan a daƙiƙa guda. Ya ce, "Haka ne, Malam. Kuma a bushe ka sa shi ya yi." Sannan ya ɗauki kwalin fulogi ya rubuta kuɗin fistin da ringi da bulo da konrod da farantan kuloci da gaskit da kuɗin aiki, ya ja layi ya haɗa, daidai, ba kuskure ko ɗaya, na duba sau biyu ina neman inda zan kama shi. A ƙasa ya rubuta kuɗin juye ɗaya. Ya miƙo mini biro da hannu biyu ya ce, "Malam, a raba mana wannan da wannan, mu ga juye nawa ke ciki. Ni lissafi ya ba ni wuya tun a makaranta." Masu jiran gyara suka matso. Na ce na bar tabarauna a gida. Ba na sa tabarau.

Tunkiyar uwargida ce ta biya, aka kai ta kasuwar Dutsin-Ma, a mashin ɗin wa kuke tsammani. Ta ce rance ne, kuma tun daga ranar ta zama mai hannun jari. In na ɗauki makulli sai ta leƙo ta ce, "Malam, an duba man tunkiyata?" Dattijon ya kafa mini sharaɗi, sabon fistin ba a gudu da shi, ba a ɗaukar kaya, kuma a dawo da wuri a zubar da man farko don garin ƙarfen da sabon ringi ke saki. Na yi makonni ina tafiya masu keke na wuce ni suna sannu. An gyara wayar mita. Yaron ya manna 'yar takarda a cikin murfin gefe, yana rubuta lambar mita duk ranar juye, in na makara kuma har makaranta yake aiko a tuna mini, a gaban hedimasta. Na daina bi ta bayan masallaci, don ba amfani, ta can ma an sani.

An ɗaura auren lafiya, a kan lokaci. Baba bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa, sai dai da Sallah ya aiko mini da yadin wando, shi kaɗai, ba riga. Juma'a mai zuwa akwai wani ɗaurin auren a Kurfi, kuma shi ne waliyyi. Tun jiya ya aiko a gaya mini ya riga ya yi magana da ɗan acaɓa, kada in wahalar da kaina.